Magen da ba ta kama ɓera, da karatun da ba na jarrabawa ba

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun shekaranjiya, na juya ta na juya, na ce gara in kawo ta nan.

Waɗanda suka san ni sun san ina da mage, 'Yar Toka. Shekara biyu ke nan da na tsince ta a bayan injin markaɗen layinmu, ko tafin hannu ba ta cika ba, idonta ɗaya ya liƙe da kwantsa. Da ruwan ɗumi da auduga na dinga goge mata har ya buɗe. To tun da ta girma ban taɓa ganin ta da ɓera a baki ba. Ƙadangare takan kama, da kyankyaso, da fara in kaka ta yi. Amma ɓera, ko a gabanta ya gifta sai dai ta ɗaga kunne ta bi shi da ido. Yininta kuwa na haddace shi: da hantsi tana gindin randa, in rana ta take ta shige ƙarƙashin keken ɗinkina ta kwanta a kan ƙyallaye, da la'asar ta hau katanga. Da daddare in yara sun yi barci na ɗauko littafi, sai ta haye cinyata ta ɗora haɓa a kan shafin da nake karantawa.

A haka Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta same mu da ta zo mana kwana biyu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube mu, ta ce: "Ke da magen nan Allah ne ya haɗa ku. Ita ba ta kama ɓera, ke kuma karatunki ba inda zai kai ki." Wallahi ba da faɗa ta faɗa ba. Hajiya mutuniyar kirki ce, ita ta riƙe min yara lokacin da na yi jinya. Amma maganar ta shige ni, don ni ma na daɗe ina yi wa kaina ita. Littafin labari ne a hannuna, ba na Islamiyya ba, ba na sana'a ba. Ina son sa, in ina ciki har ciwon bayan ɗinki nake mantawa. Amma ina rufe shi sai in ji kamar na ci bashin lokaci ne, ban san ranar biya ba. Ku ma kuna jin haka? Sannan dole ne sai mage ta kama ɓera kafin ta cancanci abincin gida?

Ummu Sadik:
Wa alaikumussalam. Maman Hanif kamar kin leƙa zuciyata. Ni tun ina aji biyu a sakandare na fara. Akwai wani mai kanti a unguwarmu da ke ba da hayar littattafai, naira biyar kwana ɗaya, in kin wuce lokaci ki ƙara. Kuɗin tarana duk can suke tafiya. Na karanta a ƙarƙashin bargo da tocila, na karanta a bakin murhu. Ranar da na ƙona tukunyar miyar kuka guda ta mutum goma sha ɗaya, Innarmu ba ta dake ni ba, ta dai zauna ta yi shiru, domin a ranar babu kuɗin sake wani cefane. Wannan shirun har yau yana damuna. Na daina karatun kusan shekara takwas. Amma gaskiya ban ga abin da na cike gurbin da shi ba sai waya.

Baban Ilham:
Salam. Ni dai a yi min afuwa, ina bayan Hajiya. Babba ba ya magana a banza. Mage in ba ta kama ɓera, kyanwar Lami ke nan, ba cizo ba yakushi, amma aƙalla ba ta cutar da kowa. Littafin nan kuwa yana cutarwa. Ina da ƙanwa, yarinya mai ƙoƙari, ita ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu. Da ta faɗa wa littattafan soyayya sai da ta maimaita jarrabawar fita sakandare sau biyu. Bayan aurenta kuma ta dinga auna mijinta da mazan cikin littafi, masu motoci da gidaje a Abuja, masu magana kamar zuma. Mijin nan ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, yana iya ƙoƙarinsa. Sai da manya suka zauna sau uku kafin auren ya daidaita. Ba labari aka ba ni ba, ni na yi ta zirga-zirgar sulhun.

'Yar Auta:
Yaya Baban Ilham, Allah ya ƙara daidaita su. Amma wanda ya karanta littafi uku ya ce duk haka suke, bai yi wa marubuta adalci ba. Akwai masu rubutu a kan auren dole, da halin da zawarawa ke ciki, da 'yan aikatau, da shaye-shaye. Ni a littafi na fara fahimtar abin da mai yoyon fitsari take fuskanta, ba a aji ba.

Sai dai ni ma ina da nawa ƙorafin. Yanzu a waya muke karatu, a WhatsApp da Wattpad. Marubuciya za ta saki shafuka kyauta har labari ya kama ki, daidai inda ya ɗau zafi ta ce sai an biya. Ba biyan ne ke damuna ba, haƙƙinta ne, ta sha wahala. Abin da ke damuna jan labarin. Abin da zai ƙare a shafi ɗari sai a kai shi ɗari uku. Wasu kuma batsa tsagwaronta, har kunya ta hana ki ajiye wayar a inda ƙannenki za su ɗauka. Littafin takarda yana da bango na ƙarshe. Na waya ba ya ƙarewa, kina gama wannan an turo wani.

Ummu Sadik:
Wannan gaskiya ne Auta. Da can in littafi ya ƙare sai gari ya waye kin je wajen mai haya.

Anti Malama:
Barkanku 'ya'yana. Na karanta duka, bari in sa baki, don shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Hausa a nan Zariya kafin in ajiye alli.

Maman Hanif, wannan nauyin da kike ji ya girme ki, ya girme ni. A 1933 da Hukumar Fassara ta nan Zariya ta sa gasar rubuta labarai, Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar, sai da ya bi garuruwa yana lallashin malamai. Mutane ne masu ilimi, suna rubuta waƙoƙin wa'azi da tarihi da fiƙihu, amma a ce dattijo ya zauna ya ƙago labarin da bai faru ba, suna ganin wannan tatsuniya ce, aikin mata da yara da daddare. Daga wannan gasar aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Minista. Kin ga ke nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labari a rubuce a ƙasar nan ake tambayarsa amfaninsa. Ko mu malamai mun taimaka wajen ɗora wannan nauyi. Duk littafin da muka karantar, tambayar farko ita ce, "Wane darasi ka koya?" Ban tuna na taɓa tambayar ɗalibi ko ya ji daɗi ba, kuma yanzu abin yana yi min ciwo.

Amma zan faɗi abin da na gani da idona. 'Yan matan da nake ƙwace wa littattafan soyayya a aji, su ne suka fi kowa iya rubuta insha'i. Sun san inda ake sa aya, sun san bambancin "ƙ" da "k", karatunsu ba ya sarƙewa. Kuma na san matan aure da dama da suka shiga makarantar yaƙi da jahilci ba don komai ba sai don sun gaji da jiran wata ta karanta musu.

Baban Ilham:
Anti, Allah ya ƙara girma. Ban isa in ja da ke ba. Amma ai ko hukuma ta ga illar. A 2007 an ƙona irin littattafan nan a Kano, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, lokacin shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu. Ba don babu dalili aka yi ba.

Anti Malama:
An yi, ɗana, ina sane. To bayan ƙonawar an daina karantawa? Komawa waya aka yi, inda babu mai dubawa, babu uwar da za ta ɗaga katifa ta gani. Na takardan ko ba komai sunan marubuci na jikin bango, yana jin kunyar idon mutane. Ni da za a bi tawa, da gyara aka yi, ba wuta ba.

Ɗan Damagaram:
Sallama gare ku daga Nijar. Ni maganar magen ta jawo ni, mu nan mussa muka fi cewa. Ina da su uku a shagon hatsi. Babbar cikinsu ta tsufa, haƙoranta sun zube, rabon da ta kama ɓera an fi shekara. Amma duk lokacin da na kai ta gida na kwana biyu, sai in tarar an huda buhun gero. Ɓera na jin warin mage ya canza hanya. Hajiya Maman Hanif, ki tuna da kyau, tun zuwan 'Yar Toka kin ga ɓarnar ɓera kamar da?

Batun littafi kuwa, mu da faransanci muka yi lakwal, wato makaranta. Littattafan Kano da ake kawowa kasuwa su suka koya min karanta harshen uwata. Ba zan iya zaginsu ba.

Maman Hanif:
Malam Ɗan Damagaram ka sa ni tunani. Gaskiya da can har atamfar mutane ɓera ya taɓa ci min, sai da na biya. Tun zuwanta ban sake gani ba. Amma ka ga abin da nake gudu ke nan: mun koma nema mata hujja. Ita an ce warinta na korar ɓera, littafi an ce yana gyara insha'i. To in da babu ko ɗaya fa? In da kawai ina son ta ne, shi ma ina son sa?

Malam Na'ibi:
Assalamu alaikum. Tambayar nan ta ƙarshe ita ce tambayar, Malama.

Game da mage, addini bai ɗora mata sharaɗin aiki ba. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda mage yana cikin Bukhari da Muslim: ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Ba a ce magen tana kama ɓera ko ba ta kamawa ba. Rai ne kawai. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai hadisin Abu Ƙatada, wanda ya karkata wa mage ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninku. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, Abu Huraira. Don haka ciyar da ita lada ne, ko da kwana take yi daga safe har dare.

Game da karatu, abin da zan ce ki auna da shi uku ne, kuma ke kaɗai za ki iya aunawa. Me ke cikin littafin? Me ya hana ki yi? Yaya zuciyarki take in kin rufe shi? In babu alfasha, bai ci sallarki ba, bai ci haƙƙin miji da yara da masu ɗinki ba, to hutu ne, rai kuma yana da haƙƙi a kan mai shi. Nana A'isha ta zauna ta ba Annabi dogon labarin mata goma sha ɗaya da mazajensu, hadisin Ummu Zar'in, ya saurara har ƙarshe.

Baban Ilham:
Allah ya gafarta Malam, to ayar "lahwal hadisi" ta cikin Suratu Luƙman fa? Na sha jin ana kawo ta a kan irin wannan.

Malam Na'ibi:
Ana kawowa, aya ta 6 ce. Amma ka ƙarasa ta: domin ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah. Duk abin da ya yi wannan aikin ya shiga, littafi ne ko waya ko hirar majalisa. Mu maza mukan zauna a bakin titi daga magariba har ƙarfe goma a kan siyasa da ƙwallo, ba wanda ya ce mana me muka samu. Ya kamata mudun ya zama ɗaya.

Maman Hanif:
Na gode Malam. Tun da an zo nan bari in faɗi abin da ban faɗa ba da farko. Sau biyu a watan jiya na makara sallar asuba, duka biyun kuma littafi ne, na kai ƙarfe biyu ina cewa saura babi ɗaya. Sannan izu biyun da nake yi kullum bayan isha'i ya koma ɗaya, wani lokacin rabi. Wannan shi ne ainihin abin da ke cina, ba maganar Hajiya ba. Ita dai ta taɓa inda ke ciwo ne.

Ummu Sadik:
Allah ya saka da gaskiyarki 'yar uwa. Ba ke kaɗai ba ce.

Anti Malama:
To ki sauya musu wuri, 'yata. Alƙur'ani a gaba, labari a baya, kuma ki daina kai littafi gado. Ni a kujerar tsakar gida nake nawa, sauro da kansa yake tashina.

Dakta:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, aikina duba dabbobi ne, kuma akwai abubuwan da ba na so su wuce.

Yawan barcin 'Yar Toka ba lalaci ba ne. Mage lafiyayya takan yi awa 12 zuwa 16 tana barci a yini, ta fi kuzari da asuba da kuma magariba. Farautar ɓera kuwa yawanci a wajen uwa ake ƙwarewa, ita ke kawo wa 'ya'yanta ɓera da ransa su yi ta gwaji. Wadda aka tsinta tun tana jaririya ba ta samu wannan ba. Kada kuma a ce za a bar ta da yunwa don ta koyi kamu, wannan zalunci ne, kuma ba ya aiki.

Abin da na fi gani yana kashe maguna a gidajenmu: maganin ɓera, ko ta ci shi ko ta ci ɓeran da ya ci, fiya-fiya da ake zubawa a lungu, da farasitamol. Don Allah kada wanda ya ba mage farasitamol, ko ɓari ne, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ragowar abinci mai yawan albasa da tafarnuwa ma yana lalata mata jini. Madarar shanu kuma da yawansu zawo take sa su in sun girma. Kan kifi da aka dafa aka cire ƙaya, da ɗan nama, da ruwa mai tsabta sun fi. A kai ta a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, don mage ma tana ɗauka, a ba ta maganin tsutsar ciki lokaci-lokaci.

Mai juna biyu kada ta kwashe kashin mage da hannunta, akwai ƙwayar cuta a ciki da kan iya taɓa ɗan tayi. Wani ya kwashe, a kullum, a wanke hannu da sabulu. Ba sai an kori magen ba.

'Yar Auta:
Dakta, gaskiya ne gashinta na sa asma? Kakata ta hana mu ajiyewa saboda haka. Ta ce kuma baƙar mage ba mage ba ce.

Dakta:
Wasu mutane jikinsu ba ya jituwa da wani sinadari da ke cikin yawun mage da fatarta, yana manne wa gashin in ta lashe jikinta. Mai asma zai iya tashi saboda shi, irin wannan gidan gara a haƙura, ko a hana ta ɗakin kwana. Amma ba kowa ba ne. Baƙar mage kuwa launi ne kawai. Na yi jinyar da yawa da yara suka jefa saboda wannan camfin, har da wadda aka fasa wa ido. Abin yana ɓata min rai ƙwarai.

Maman Hanif:
Dakta tun da kana nan. Kwanan nan cikinta ya yi faɗi, nonuwanta sun yi ja, kuma ta bar ƙarƙashin keke ta koma shiga kwalin da nake ajiye tsofaffin littattafaina a bayan ƙofa. Tana ta tona su tana juyi.

Dakta:
Ciki ne da ita, kuma ta kusa. Cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki, wajen kwana 63 zuwa 65. Wurin haihuwa take nema. In kina son littattafan ki kwashe su yau, ki shimfiɗa mata tsumma a cikin kwalin, ki bar shi inda yake. In kin matsar da shi za ta iya komawa cikin sif ɗin kayanki.

Maman Hanif:
Salam 'yan zaure, na dawo da labari bayan kwana huɗu. Na kwashe na saman, na ce gobe zan ƙarasa, ashe ba za ta jira ni ba. Daren Talata ta haihu, guda huɗu, biyu masu ruwan toka irinta, ɗaya fari da baƙi, ɗaya baƙi wuluk. A kan sauran littattafan ta haife su, wajen guda goma sha biyar, har da wanda ban ƙarasa ba. Na sa hannu zan zaro shi ta riƙe min yatsa da baki, ba ta ciza ba, ta dai riƙe. Na bar mata.

Hajiya da ta ji ta aiko da busasshen kifi a ƙullin leda, ta ce a ba mai jego. Kwana huɗun nan ban karanta komai ba sai izuna biyu, kuma ban makara ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, ina kewar labarin, ina so in san yadda aka ƙare da yarinyar da aka kai aikatau.

Dakta:
Barka da arziki. Kada a dame su da ɗauka, idonsu zai buɗe cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Ki ƙara mata abinci sosai, ruwa kuma a kusa da kwalin. Kada a raba su da ita kafin mako takwas. In ba kya son ta dinga haihuwa a kai a kai, bayan ta yaye su ki kawo ta asibitin dabbobi a yi mata aiki.

'Yar Auta:
Anti Maman Hanif ni baƙin nake so. Zan lallashi Kaka, zan karanta mata abin da Malam da Dakta suka rubuta.

Baban Ilham:
Allah ya raya. Maganar littafi dai ina nan a kan bakana, ban sauka ba, kuma Ilham ba za ta riƙe waya ba sai ta gama sakandare. Amma ɓera ya dame ni a shago, ya gama da kwalin taliya biyu a watan nan. In ba a yi alkawarin fari da baƙin ba, a ajiye min.

Maman Hanif:
An ajiye maka, Baban Ilham. Sai dai in gaya maka tun yanzu, uwarsa ba ta da abin da za ta koya masa a kan ɓera. In ka ɗauka, ka ɗauka da niyyar ciyar da shi ko ya kama ko bai kama ba. In ka amince, bayan mako takwas ka turo yaro da kwali mai huji.